Kundin aiki: koya wa katalogi uku magana da juna

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Malamina ya sa hannu a kan taken bincikena jiya. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya ƙi yiwuwa, don kada in isa babi na huɗu in rasa ta inda na biyo.

Jerin littattafai uku ne a hannuna. Na farko na ɗakin karatun da nake aiki ne a nan Zariya, littattafan Hausa 1,140 a jadawalin Excel da mutum huɗu suka cika cikin shekara goma, kowa da irin hannunsa. Na biyu na wata ƙawata ne a Damagaram, 380, kawunan jadawalin da Faransanci, Hausar kuma da ƙa'idar rubutun Nijar. Na uku bai taɓa ganin kwamfuta ba: takardun Baba Malam ne na ajami da na Larabci, cikin gafaka da adaka, an jera sunayensu a littafin rubutu na 'yan makaranta, 212 in ƙirgata ta yi daidai.

So nake in yi tambaya ɗaya ta ratsa duka ukun. In ce, a nuna mini duk abin da aka buga ko aka kwafa a ƙasar Zazzau kafin 1960, amsa ta fito, ba tare da na tilasta wa kowa ya rushe jadawalinsa ba. Irin wannan ne Tim Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka yi wa bushara a mujallar Scientific American a 2001, suka kira shi yanar gizo mai ma'ana. Babi na biyu zai bi sawun inda masu bincike suka karkata tun daga lokacin, don haka karatu da gini tare za su tafi.

Kuɗin yau: data ta wata ₦6,500, filashi ₦5,000.

Talata, 14 ga Janairu

Na kwana biyu ina kokawa da RDF, ƙa'idar rubuta bayani jimla-jimla yadda kwamfuta za ta gane, sai da nake hura wuta da safe ya zauna mini. Murhu ne, duwatsu uku: abin da ake magana a kansa, dangantakar, da abin da dangantakar ta faɗa wa. Wannan littafi, an buga shi a, Zariya. In ka zare dutse ɗaya tukunya ba ta zama. Abin da ya raba shi da layin Excel shi ne kowane dutse yana iya samun adireshinsa na dindindin a intanet, ta yadda Zariyata da Zariyar ƙawata za su zama wuri ɗaya ko da rubutunmu ya bambanta. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da ƙa'idar tun 1999, a 2006 kuma Berners-Lee ya taƙaita aikin cikin dokoki huɗu: a ba kowane abu adireshi, adireshin ya zama wanda ake iya buɗewa, in an buɗe a sami bayani mai amfani, bayanin kuma ya nuna hanyar zuwa wasu adireshin.

Asabar, 18 ga Janairu

Na ɗauka yau zan fara gini. Shara na yi.

Da na zuba jadawalinmu a OpenRefine, manhajar share jadawali, sai na ga kalmar ƙasa kaɗai ta zo iri huɗu: da ƙa mai lanƙwasa, da k tsura, da alamar ɗauri a gaba, da alamar ɗauri a baya. Alamar ɗaurin ma kanta iri uku ce, tsayayya da mai karkata dama da mai karkata hagu, ido ba ya rabewa amma kwamfuta na ɗaukarsu baƙaƙe daban. Na ƙawata kuma yana da ƴ inda mu muke rubuta 'y, ga sunayen garuruwa da rubutun Faransawa: Zinder a nan, Damagaram a can, Tahoua, Haoussa. Wasu layuka sittin da wani abu an buga su da wani tsohon salon baƙaƙe da ya ari gurbin wasu alamomi, da aka buɗe su a wata kwamfuta sai ɗ ta koma alamar da ba ta cikin harshen kowa.

Na so in ba da umarni guda a mayar da kowace k mai alamar ɗauri ta zama ƙ. Allah ya taimake ni na gwada da layi ashirin tukuna, don umarnin da na rubuta wa sauran baƙaƙen ya cinye alamar da ke cikin kalmomin ma'ana da sana'a. Dole in bi da ido. Na yi 300 kafin magariba, ƙurar hunturu ta cika allon, idona na yaji.

Shawarar da na yanke: ba zan goge rubutun asali ba. Kowane take zai zauna yadda mai jadawalin ya rubuta shi, kusa da shi gyararre. Gyararren zai ɗauki tambarin harshe, ha ga boko, ha-Arab ga ajami.

Lahadi, 19 ga Janairu

Shara. 410.

Asabar, 25 ga Janairu

An gama share jadawalin boko biyu ranar Laraba. Sai na buɗe Protégé, manhajar jami'ar Stanford da ake gina taswirar ma'ana da ita, wadda masu fannin ke kira ontoloji, na sake wa kaina linzami. Cikin kwana biyu na ƙirƙiro aji 64: waƙa, waƙar wa'azi, waƙar madahu, ƙagaggen labari, wasan kwaikwayo, kowanne da 'ya'ya da jikoki da sharuɗɗan OWL, harshen da ake rubuta irin wannan taswira da shi. Na kai wa malamina ina jin kaina. Ya duba ya duba, ya ce, "Malama, wa zai fahimci wannan in ba ke ba? Kin zo haɗa mutane magana, kin ƙago yare na huɗu."

Ya yi zafi, amma abin da takardun da nake karantawa suke nunawa ke nan, ni ce ban sa kaina a ciki ba. Shekarun farko, daga fitowar OWL a 2004 zuwa OWL 2 a 2009, hankalin masu bincike yana kan mantiƙi ne: a gina taswira mai tsauri, inji ya ciro hukunci da kansa. Wannan ya yi tasiri a inda ake da ƙwararrun da za su zauna su daidaita, kamar fannin likitanci da kimiyyar ƙwayoyin gado. A buɗaɗɗiyar intanet kuwa abin da ya yaɗu mai sauƙi ne. DBpedia ta fito a 2007 tana tsamo bayanai daga Wikipedia. A 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa schema.org, jerin kalmomi na bai ɗaya don bayyana abin da ke cikin shafi, Yandex ta biyo baya, masu shafuka kuma suka karɓa don suna ganin ribarsa a sakamakon bincike, ba don sun karanta mantiƙi ba. A 2012 Google ta sanar da ragar saninta, wato rumbun abubuwa da dangantakar da ke tsakaninsu, a shekarar kuma aka buɗe Wikidata, rumbun bayanan Wikimedia da kowa ke iya gyarawa. JSON-LD ta zo a 2014 ta bar masu rubuta manhaja su yi RDF ba tare da sun san shi suke yi ba. A nawa ganin, babi na biyu kusan labarin saukowa ne daga tsani.

Na rage ajin nan 64 zuwa 7. Sauran na aro daga ƙa'idoji da rumbunan da aka riga aka yi: Dublin Core don take da mawallafi da shekara, SKOS don nau'o'in rubutu, GeoNames da Wikidata don wurare. Wani abin dariya, shekara biyar ina koya wa masu zuwa horo Dublin Core ina ce musu a Ailan aka yi shi. Ashe Dublin ta jihar Ohayo ce a Amurka, taron 1995.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau na sha kunya ni kaɗai a ɗaki.

Na sa OpenRefine ta daidaita sunayen maɗaba'u da na Wikidata. Ta kawo wa kowane suna wanda take zato, ni kuma don gaggawa na danna a karɓi na sama duka. Na ci gaba da aiki kusan awa biyu. Sai da na zo duba wani littafin karatu na 1970 na ga an ce wanda ya buga shi an kafa shi a 1977. Yaya ɗa zai riga ubansa? Da na buɗe sai na ga kamfanin man fetur. Harufa huɗun nan, NNPC, su ne na kamfanin buga littattafai na Arewa da ke nan Zariya tun 1966, su ne kuma na kamfanin mai na ƙasa. Littattafai 287 na ɗora wa masu haƙar mai.

Laifina ne, injin zato kawai ya kawo. Na warware, na bi maɗaba'un ɗaya bayan ɗaya, ba su ma fi 70 ba. A nan na ga wata matsalar: kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta shekarun 1950 da NNPC sun gaji littattafan juna, littafi ɗaya ya fito ƙarƙashin suna uku a shekaru daban. Masu cika jadawalinmu wani ya ɗauke shi littafi ɗaya, wani uku. Sai na ari rabon BIBFRAME na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka: aikin kansa daban, bugu daban, kwafin da ke kan kanta daban.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kunna Fuseki, manhajar da ke ajiye jimlolin RDF tana amsa tambaya a kansu, a kwamfutata, na loda jimloli 21,000 da 'yan kai. Tambayata ta farko da SPARQL, harshen da ake yi wa RDF tambaya da shi, ta dawo babu komai, saboda na mance tambarin harshe a bayan sunan gari. Ta biyu ta kawo littattafan Zariya daga jadawalinmu da na Damagaram a jere. Na ɗauki hoton allon na tura wa ƙawata, ta turo guɗa.

Man janareta ₦4,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yini guda a zauren Baba Malam, daga hantsi har la'asar sakaliya. Ni ina da fom mai gurbi goma sha biyu, shi yana da takardu da ba su san fom ba.

Gurbin mawallafi ne ya fara fashewa. Na ɗauko wata takarda na ce, "Baba, wa ya rubuta wannan?" Ya ce, "Wanne kike tambaya, 'yar nan? Wanda ya yi matanin, ko wanda ya yi sharhin da ke gefe, ko wanda ya sa fassarar Hausa tsakanin layuka, ko wanda ya kwafa, ko wanda aka kwafa dominsa?" Mutum biyar a takarda ɗaya, kuma a wurinsa mai kwafar ne ya fi muhimmanci, don ta hannunsa ake gane ko za a amince da ita. Dublin Core tana da mai ƙirƙira da mai ba da gudummawa, shi ke nan. In na tura mutum huɗu cikin gudummawa na zubar da ainihin abin da Baba ya sani. Zan duba CIDOC CRM na gidajen tarihi, wanda yake ɗaukar kwafa a matsayin aukuwa mai lokacinta da wurinta da mai yinta. Ya fi nauyi, kuma ban manta da maganar malamina ba, saboda haka abin da nake bukata kaɗai zan ɗebo.

Sai shekara. Da yawa babu lamba, ramzi ne, kalma a ƙarshen waƙa da ake haɗa ƙimar baƙaƙenta a sami shekarar hijira. Na buɗe wani teburin abjadi a waya na fara lissafi, Baba ya leƙo ya ce ba haka ba ne. Teburin na mutanen gabas ne, inda shinun yake 300, gainun 1000. Malamanmu lissafin Magrib suke bi, shinun ne 1000. Da ban yi a gabansa ba da na mayar da waƙoƙin nan baya da shekara ɗari bakwai. Bayan haka ma shekarar hijira ɗaya tana taka shekarun miladiyya biyu, 1340 ta faro a 1921 ta ƙare a 1922, gurbin kwanan wata na ƙa'idar kuwa miladiyya ya sani. Zan ajiye uku: ramzin yadda yake, shekarar hijira, da tazarar miladiyya.

Da na yi masa bayanin cewa kowace jimla za ta shiga intanet, tambayarsa ɗaya ce: "In an karanta, za a san wa ya faɗa?" Isnadi yake nema. Na ce akwai ƙa'idar da aka yi don wannan, PROV, tun 2013, kuma Wikidata tana barin a rataya wa kowace magana madogararta. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ware takardu 31, na hatimai da laƙani, ya ce waɗannan ko sunansu kada ya fita daga zauren. Na buɗe baki zan kawo masa ƙa'idojin FAIR na 2016, masu cewa bayani ya zama ana samunsa ana sake amfani da shi, sai na tuna su kansu ba su ce dole komai ya zama a buɗe ba, kuma a 2019 an fito da na CARE don irin wannan, haƙƙin al'umma a kan iliminta. Na ce to, Baba. Saura 181.

Kuɗin mota ₦1,800, goro da turare ₦2,500.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na sake taka sawun ɓarawo, wannan karon da sameAs, kalmar OWL mai cewa abu biyu ɗaya ne.

A takardun Baba an rubuta Zazzau, a jadawalin boko Zariya. Na rubuta jimla ɗaya da ke cewa su biyun abu ɗaya ne, na kunna injin mantiƙi. A OWL wannan kalma ba wasa ba ce, duk abin da aka faɗa kan ɗaya ya hau kan ɗayan. Nan take wata takarda da aka kwafa a wani ƙauye mai nisan tafiyar yini ta zama an kwafa ta cikin birni, masarauta guda ta sami ɗigo ɗaya a taswira, birnin kuma ya gaji garuruwan da ke ƙarƙashin masarautar. Injin bai yi ƙarya ba, abin da na gaya masa ya bi har ƙarshe.

Na sha ganin masu bincike suna kukan yadda ake watsa wannan kalma a intanet ba bisa ƙa'ida ba, na ɗauka matsalar manyan rumbuna ce. Yanzu wurare uku ne a wurina: birnin, ƙaramar hukumar, da masarautar, da dangantakar "yana cikin" a tsakaninsu. Inda ban tabbata abin da mai kwafa yake nufi ba na bar masarautar. Haka zan yi wa Kano da Katsina da Damagaram. Neja kuwa tun yanzu na sa mata jan alƙalami, don a rubutun Turanci jihar da ƙasar Nijar da kogin Kwara suna ɗaya suke amsawa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kwana uku babu wuta, batirin kwamfutar ya mutu ana tsakiyar lodi, rumbun Fuseki ya ƙi buɗewa. Fayilolin Turtle, wato salon da na rubuta jimlolin RDF da shi, suna filashi, don haka aikin yini ɗaya kawai na rasa. Sabon batiri ₦28,000, Yaya ya biya rabi. Data ma ta ƙara kuɗi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Takardun shekarun nan na kusa, kusan duk wadda na buɗe maganarta ɗaya: ragar sani da manyan injinan harshe. Wasu na sa injin ya gina ragar daga rubutu, wasu na ɗaure injin a jikin ragar don kada ya yi ta zuba abin da babu, irin GraphRAG da Microsoft ta fitar a 2024. Kafin su akwai zangon da aka mayar da jimlolin lambobi don a hasaso dangantakar da ta ɓace, tun daga TransE a 2013. A gefe guda kuma masu rumbunan raga irin Neo4j sun sami ƙa'idarsu ta ISO, GQL, a 2024, su kuma mutanen W3C suna kan aikin RDF 1.2 don a iya yin magana a kan magana cikin sauƙi, wato dai isnadin Baba. Abin da na lura, kuma zan rubuta shi ƙarara a babin, gwaje-gwajen hasashen nan yawanci a kan bayanan da aka yanko daga rumbunan Freebase da WordNet ake yin su, inda an riga an share, an riga an daidaita suna. Wahalar da ta ci mini wata guda, a can an ɗauka an gama ta.

Na gwada da kaina. Na ba wani injin hira bayanin takardu 30 na ce ya mayar da su Turtle. Cikin minti biyu ya yi abin da ke cin mini yini, tsarin kuma tsaf. Amma lambobin Wikidata da ya liƙa wa wurare da harsuna, da na bi su, huɗu ne kawai daidai, na Najeriya Q1033 da na Hausa Q56475 suna ciki. Sauran ya ƙago su ne da fuskar gaskiya. Ya kuma mayar da wani mai kwafa mawallafi a wuri shida. Zan ci gaba da amfani da shi don ƙwarangwal, lamba kuwa ni zan sa da hannuna.

Don kama irin wannan na rubuta sharuɗɗan SHACL guda tara. OWL ba ta ƙorafi in gurbi ya zama fanko, a wurinta shiru ba ya nufin babu, wataƙila wani ya faɗa a wani wurin. SHACL, da ta fito a 2017, ita ce mai duba jarrabawa: kowace takarda sai da mai ita, bugu ba zai riga maɗaba'arsa ba. Zagayen farko ta kama kurakurai 143. Da ina da ita ranar 29 ga Janairu da ban ba masu mai littattafai ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na mayar da aiki bayan asuba, awa biyu.

Cikin garuruwa 58 da suka fito a katalogin, 19 ba su da laƙabin Hausa a Wikidata, wasu kuma rubutun Turanci aka kwafo aka ce Hausa ne. Na gyara su. Hausa na cikin harsunan da Wikimedia ta zaɓa a 2021 don mayar da hankali a aikin kalmomi da Wikipedia da ba ta rataya ga harshe ɗaya ba, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam, amma zaɓe daban, hannun da zai cika daban.

Asabar, 8 ga Maris

Tambayar ranar 11 ga Janairu ta amsu. Abubuwa 96: bugaggu 52 daga wurinmu, 7 daga Damagaram, takardun Baba 37. Uku daga na Damagaram ba mu da su a nan garin da aka buga su, ƙawata ta ce za ta ɗauko hotonsu. Na karanta wa Baba jerin nasa bayan shan ruwa, ya tsayar da ni a na goma sha ɗaya ya ce mai kwafar nan biyu ne masu suna ɗaya, kaka da jika, a hannu ake gane su. Na raba su, adadin ya koma 95, don ta jikan bayan 1960 ce.

Abin da ya rage shi ne doka ta biyu cikin huɗun nan na Berners-Lee: adireshina duka a kwamfutata suke, ba wanda zai iya buɗe su daga waje. Zaɓi biyu ne, in sayi sunan shafi in riƙa biya duk shekara, ko in nemi gurbi a Wikibase Cloud, inda ake ba mutum rumbu irin na Wikidata a intanet. Na fi karkata ga na biyu, don ban san wa zai biya ba ranar da na bar aikin nan. Takardun Baba 64 ba a shigar ba tukuna, sai bayan salla, ya ce goman ƙarshe ba ya son hayaniya a zaure. Babi na biyu zai tafi wurin malamina ranar Litinin.

Jimlar kuɗin da na rubuta a nan zuwa yau ₦33,800, ban da rabin batirin da Yaya ya biya.